Gandun ciyawa na Kansas: kurakuran da baƙi suka fi yi da yadda za a gyara su

Ranar da na fara kai wani yayana gandun ciyawa na Tallgrass Prairie National Preserve, a jihar Kansas ta Amurka, bai gama rufe ƙofar mota ba ya dubi tuddan da ke gabanmu ya ce, "Ƙanena, yanzu awa biyu muka yi a hanya don mu kalli ciyawa? Ai ni na ƙoshi da ita tun ina kiwon awaki." Na ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri zuwa la'asar." Ban ga laifinsa ba, domin kusan duk wanda na taɓa rakawa wurin da irin wannan maganar yake farawa. Kuma daga nan yawancin kurakuran suke tasowa. Mutum ya ga fili babu kurmi, babu dutse mai tsawo, babu zaki, sai ya raina wurin. Rainin nan shi ke sa ya tafi ba shiri ya sha wahala, shi ne kuma ke sa ya dawo bai ga komai ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a nan hakin ya kai hekta 4,400.

Gandun yana yankin tuddan Flint Hills, kimanin kilomita 3 arewa da wani ɗan ƙaramin gari mai suna Strong City, a kan hanya mai lamba 177. An kafa shi a 1996. Hukumar kula da gandayen ƙasa ta Amurka ce ke gudanar da shi tare da ƙungiyar The Nature Conservancy, wadda ta mallaki mafi yawan filin. Ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ya sa aka keɓe shi kuwa shi ne, irin wannan doguwar ciyawa ta taɓa rufe eka miliyan 170 a Arewacin Amurka, wato kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya, amma yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Garma ce ta cinye ta, aka mai da wurin gonakin masara da alkama. Flint Hills ta tsira ne saboda ƙasarta marar zurfi ce, cike da dutsen ƙyastu da farin dutse, garma ba ta iya shiga. Da noma ya gagara sai aka bar wa shanu.

Zuwa a watan da bai dace da abin da kake nema ba

Mutane da yawa suna jin sunan "doguwar ciyawa" sai su zo a watan Mayu ko Yuni suna zaton za su nutse a cikinta. Su tarar da ita iya ƙwauri, su koma suna cewa an yi musu ƙarya. Ciyawar nan tana ɗaukar damina guda tana girma, ba ta kai tsawonta sai Satumba zuwa Oktoba. Ko a lokacin ma, a kan tudu inda ƙasa ba ta da kauri da ƙyar take wuce ƙugu. Wanda ke son ya ga ta shanye mutum sai ya gangara kwari, wajen rafin Fox Creek, inda akwai laima, a shekarar da aka sami ruwa sosai. A can takan kai mita biyu.

Akwai abin da ya kamata Bahaushe ya sani a nan, domin shi ya sauya ra'ayin yayana. Babbar ciyawar wurin, wadda suke kira big bluestem, 'yar gida ɗaya ce da gambar da muke yin zana da ita. Masana tsirrai sun sa su a dangi guda mai suna Andropogon. Na kawo masa zancen ne a lokacin da muka tsaya gaban wani gungu, ya shafa karan, ya dubi kan da ya rabu uku kamar ƙafar talotalo, ya yi shiru. Daga baya ya ce, "Wallahi da kaka ta yi, da an yanki wannan an yi zana mai kyau." Tun daga nan ya daina tafiya da sauri.

Gyaran shi ne ka fara yanke shawarar abin da kake son gani kafin ka sa rana. Furanni sun fi yawa a ƙarshen Mayu da Yuni. Tsawon ciyawa da launinta na jan ƙarfe da ruwan zinariya sai kaka. A watan Satumba kuma malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da baƙi, wanda ke ƙaura zuwa Meziko, yana ratsawa ta yankin. Yuli da Agusta zafi ne mai ɗauke da gumi. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi kan sauka ƙasa da sifili, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta.

Sai wanda ya zo ƙarshen Maris ko Afrilu ya tarar da tuddai baƙi ƙirin, hayaƙi ya turnuƙe, ya ɗauka gobara ce ta yi ɓarna. Da gangan ake sa wutar. Makiyayan yankin da ma'aikatan gandun suna ƙona ciyawa a wannan lokaci, domin in an bar ta shekaru ba wuta, itatuwa ne za su mamaye wurin, musamman wani mai kama da aduruku a yawan yaɗuwa da suke kira redcedar, har fili ya zama kurmi. Wutar ba ta kashe ciyawar, saboda mafi yawan jikinta yana ƙarƙashin ƙasa, saiwar wasu kan nutsa fiye da mita biyu. Toka ta kwanta, baƙar ƙasa ta sha rana ta ɗumama, cikin 'yan makonni sai ka ga wurin ya yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Mu da muka saba ganin ƙunar daji don farautar gafiya, wadda ba ta da tsari kuma takan ci rumbunan mutane, sai mu kiyaye kada mu haɗa su. Wannan ana duba iska da laima, a yi shingen wuta, a tanadi motocin ruwa. Abin da ya shafi baƙo shi ne, a lokacin akan rufe wasu hanyoyin ƙafa, don haka ka kira ofishin baƙi ko ka duba shafinsu na intanet kafin ka kama hanya. In kuma kana tuƙi ka ga hayaƙi ya rufe titi, kada ka kutsa ciki. Mai ciwon asma ya fi kyau ya zaɓi wani watan.

Ɗaukar tanti ba tare da tambaya ba

Wannan kuskuren yana ba ni tausayi, domin masu niyya mai kyau ne ke yin sa. Su sayi tanti, su ɗauko tukunya da bargo, su iso da yamma, sannan su ji cewa ba a kwana a cikin gandun. Haka dokar take. Hanyoyin ƙafa a buɗe suke dare da rana, kana iya zuwa kallon taurari da tsakar dare, amma kafa tanti haramun ne. Wuraren kwana suna waje. Mafi kusa shi ne tafkin Chase State Fishing Lake da ke yamma da garin Cottonwood Falls, inda wurin yada zangon ba shi da wasu kayan more rayuwa, sai ka zo da ruwanka. Akwai kuma tafkin Council Grove, kimanin kilomita 30 arewa, mai wuraren zango da aka tsara sosai.

A kula kuma da suna. Akwai wani gandun mai kusan irin wannan suna a jihar Oklahoma, kusa da garin Pawhuska, wanda ya fi na Kansas girma nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta rabin suna a taswirar waya yana iya ganin kansa a wata jihar. Ka rubuta Strong City, Kansas.

Shi kansa kwanan tanti a irin wannan ƙasa yana da nasa sirrin, kuma sirrin iska ne. Sababbin zuwa sukan zaɓi kan tudu saboda kyan gani, su buga 'yan siraran ƙusoshin da suka zo cikin jakar tanti, su kwanta. Da tsakar dare iska ta taso, tanti ya riƙa kwanciya a fuskarsu, wani lokaci sanda ta karye. Ka sayi ƙusoshi masu kauri da guduma, domin ƙasar akwai dutse. Ka ɗaure duk igiyoyin gefe, ba guda biyu kawai ba. Ka juya ƙaramin ɓangaren tantin ya fuskanci inda iska ke fitowa, wanda a lokacin zafi galibi kudu ne. Kada ka bar tanti wayam ka tafi yawo, ka sa jakunkuna masu nauyi a ciki. Gudun iska kuma kada ya sa ka gangara can ƙasan kwari bakin rafi, domin ruwan sama mai ƙarfi kan cika irin waɗannan rafuka cikin ɗan lokaci. Tsaka-tsakin gangare ya fi. Batun wuta kuwa, ka hura ta a murhun da aka tanada kaɗai, ka tambaya ko an hana hura wuta a wannan makon, kuma kada ka kwanta sai ka zuba mata ruwa ka taɓa tokar da hannu ka ji ta yi sanyi. Garwashi ɗaya a busasshiyar ciyawa da iska ya isa ya jawo abin da ba za ka iya biya ba. Raɓa ma tana sauka sosai, takalmin da aka bari a waje jiƙe za a same shi da asuba.

Raina nisa, rana da ƙishirwa

A fili ido yana yaudara. Ka hango tudu ka ce minti goma ne, ka yi minti arba'in ba ka kai ba, domin babu bishiya ko gida da za ka auna nisa da shi. Hanyoyin ƙafa na gandun sun haura kilomita 60 in an haɗa su. Wadda aka fi bi zuwa tudun hangen nesa kusan kilomita 5 ce zuwa, 5 dawowa, kuma babu inuwa, babu famfo. Ruwan sha yana ofishin baƙi ne kaɗai.

Mu 'yan ƙasar zafi mun fi kowa faɗawa wannan tarkon. Mutum ya ce shi da ya yi azumi a Sakkwato cikin Afrilu, wace rana ce za ta ba shi tsoro a Amurka. Zafin ba iri ɗaya ba ne. Namu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na Kansas a Yuli yakan haura digiri 32 tare da laima, gumin ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Iska kuma na kaɗawa tana ɓoye maka yawan ruwan da kake zubarwa. Na taɓa dawowa daga wannan tudun da kwalba ɗaya da ta ƙare tun a rabin hanya, kaina na sara, ƙafafuna na rawa, kuma na san da akwai yaro tare da ni da abin ya yi muni. Tun daga ranar ba na shiga da ƙasa da lita 3 in zan yi doguwar hanya lokacin zafi, ban da na alwala. Ka sa malfa mai igiya, don iska na ɗauke hula. Ka fita da sassafe, ka dawo kafin azahar, ko ka bari sai bayan la'asar. Rana a Yuni ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara saura, lokaci yana nan. In ruwanka ya kai rabi, ka juya, ko da tudun yana gabanka. Mai yara ko tsofaffi ya fara da gajeriyar hanyar Southwind, wadda ba ta kai kilomita 3 ba.

Kada ka dogara da waya. Sabis yana ɗaukewa a cikin kwaruruka. Ka karɓi taswirar takarda a ofishin baƙi, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa. Takalmi kuma ya zama rufaffe mai taurin ƙasa, saboda tsakuwar ƙyastu tana da kaifi, silifa ba ta kai ka ko'ina.

Ɗaukar bauna kamar saniya

A nan nake so a saurare ni da kyau. A shekarar 2009 aka dawo da baunar Amurka, wadda suke kira bison, cikin gandun. Guda 13 aka kawo daga gandun Wind Cave na jihar Dakota ta Kudu, suka hayayyafa suka zama garke. Suna kiwo a makiyayar da ake kira Windmill Pasture, kuma hanyar tudun hangen nesa ta cikinta ta ratsa. Babu shinge tsakaninka da su.

Dabbar tana da kamar sanyin hali. Za ka gan ta tsaye tana tuƙa, gashi ya rufe mata ido, kai ka ce tsohon bijimin noma ne. Wanda ya tashi cikin shanu sai ya ji ai ya san hannunta. Ba saniya ba ce, ba ta san sanda ba, ba ta san kirari ba. Namiji yakan kai kilo 900, yana gudun da ya haura kilomita 50 a awa, yana juyawa nan take, yana tsallake shinge. Babu ɗan Adam da zai tsere masa, kuma a filin babu bishiyar da za ka hau. Dabba daban ce da baunar Afirka, amma duk mafaraucin da ya san bauna ya san ba a wasa da ita, to ka ba wannan irin girman.

Ka bar tazarar kimanin mita 100, tsawon filin ƙwallo guda, in ka ƙara ma ya fi. In garken ya tare hanya, ba a ratsawa ta tsakiya, ba a kora, ba a tafi ko ihu. Ko dai ka yi babban zagaye, ko ka jira, ko ka haƙura ka koma. Ka lura da wutsiya: in tana lilo a sake, hankalinta kwance yake, in ta miƙe sama, ko ta daina kiwo ta kafa maka ido, ko tana tonon ƙasa da kofato tana huci, ka riga ka matso da yawa. Ka ja da baya sannu a hankali, kada ka ruga. Lokuta biyu sun fi haɗari: Afrilu da Mayu da suke haihuwa, uwa ba ta yarda a kusanci ɗan maraƙinta mai launin jan ƙasa, sai Yuli da Agusta lokacin barbara da mazan ke cikin fushi. Da yawa daga cikin waɗanda bauna ta taɓa kaɗawa a gandayen Amurka hoto suka matsa ɗauka. Hoton da za ka tura wa 'yan uwa a WhatsApp bai kai ƙashin haƙarƙarinka ba. Ka yi amfani da madubin hangen nesa.

Ana kiwon shanu ma a wasu sassan gandun daga bazara zuwa tsakiyar damina. Duk ƙofar shingen da ka buɗe, ka rufe ta yadda ka same ta. Kare kuwa ba a shiga da shi makiyayar bauna.

Ƙananan da ba a gani

Bauna kowa na ganinta. Abin da ya fi cutar da baƙi a zahiri bai kai ƙwayar gero ba. Akwai kaska, wadda makiyayi ya sani, da wasu mitsi-mitsin ƙwari da suke kira chigger. Kada a haɗa su da jigar da ke shiga yatsan ƙafa. Waɗannan ba sa shiga cikin fata, suna hawa ne daga ciyawa su tafi inda tufa ta matse, wuyan safa, bayan gwiwa, ƙugu, su ciji mutum. Ba za ka ji komai ba a lokacin. Sai dare ko washegari ƙaiƙayi ya taso, kuma yakan yi mako ko fiye. Wanda ya ga ciyawa kore shar ya kwanta a kai don hutawa, shi zai ba da labari.

Kaska ta fi haɗari domin tana ɗauke da cututtuka. Akwai wata a yankin mai farin ɗigo a bayan macen, wadda cizonta kan sa jikin wasu ya daina karɓar jan nama, su riƙa yin borin jini ko abin da ya fi haka bayan sun ci naman sa ko na rago. Ka yi tunanin Babbar Salla ba nama, sai ka ga dalilin ɗaukar abin da muhimmanci.

Maganin mai sauƙi ne. Dogon wando mai haske, a cusa ƙafarsa cikin safa. Mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, su kuma kula da gefen mayafi ko hijabi kada ya riƙa sharar ciyawa. A fesa maganin ƙwari mai sinadarin DEET a idon sawu da ƙugu. A bi tsakiyar hanya. In za a zauna ko za a yi salla, a nemi falalen dutse ko wurin tsakuwa, a kaɗe dardumar sosai bayan an idar. Da an koma masauki a yi wanka, a duba jiki duka, har cikin gashi da bayan kunnen yara. In ka sami kaska ta kama, kada ka ƙona ta da ashana ko ka shafa mata kananzir ko man shafawa kamar yadda ake yi wa dabbobi. Ka kama ta da ɗan hantsaki daf da fata, ka ja a miƙe a hankali, ka wanke wurin da sabulu. In zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya cikin makonni, ka je asibiti ka gaya wa likita kaska ta cije ka, domin mu da zazzaɓi ya zo maleriya muke fara zato.

Akwai macizai, har da masu dafi, ciki har da wani ƙarami mai kaɗa wutsiya tana ƙara kamar caki. Ba sa neman mutum. Kada dai ka zura hannu ƙarƙashin dutse, ka kuma duba kafin ka zauna. A bakin rafi akwai wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa fata ta yi ƙuraje masu ruwa, ka sa a nuna maka hotonsa a ofishin baƙi.

Rashin kallon sama

Kansas ƙasar hadari ce, musamman daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin tsawa da ƙanƙara da mahaukaciyar guguwar nan mai juyawa. A kan tudu marar bishiya kai ne abu mafi tsawo, kuma aradu mafi tsawo take nema. Bahaushe ya iya karanta hadari, amma idonsa gabas ya saba kallo. A can galibi daga yamma ko kudu maso yamma yake tasowa. Ka duba hasashen yanayi da safe. Da ka ji tsawa, ko daga nesa, ka kama hanyar mota ko gini, kuma kada ka fito sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Tanti ba mafaka ba ne, gindin bishiya tilo kuma ya fi ko'ina haɗari. In ta rutsa da kai nesa, ka sauka daga kan tudu, ka nisanci shingen waya, in kuna da yawa ku warwatsu.

Tun da ana zancen gabas, ga wani kuskure da na ga 'yan uwa suna yi. Lokacin salla ya yi, mutum ya dubi inda rana ke fitowa ya kabbara, yadda ya saba a gida. Daga Kansas alƙibla tana arewa maso gabas ne. Ka duba ta a wayarka tun kana da sabis, ka riƙe wata alama. Abinci ma ka zo da naka, don garuruwan nan biyu, Strong City da Cottonwood Falls, ƙanana ne, kowanne mutanensa ba su kai dubu ba.

Kallo daga tagar mota

Duk abin da na lissafa a sama don lafiyar jiki ne. Wannan kuwa asarar tafiyar ce gaba ɗaya, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa. A tsaya a bakin titi, a ɗauki hoto uku, a zaga tsohon gidan da ke cikin gandun, a koma mota cikin rabin awa. Gidan ya cancanci gani. Wani makiyayi mai suna Stephen Jones ne ya gina shi da farin dutsen wurin a 1881, ga katafaren rumbun dutse mai hawa uku a gefensa, ga kuma 'yar makaranta mai aji ɗaya ta Lower Fox Creek da aka gina a 1882 tana tsaye ita kaɗai a kan tudu. Amma kafin Jones ƙasar ta ƙabilun Kaw da Osage ce. Daga sunan Kaw, ko Kanza, jihar ta samo sunanta, kuma a 1873 aka tashe su daga wajen Council Grove aka kai su Oklahoma ta yau. Ya kamata mai tafiya a wurin ya san a ƙasar wa yake takawa.

Ita ciyawar ba ta nuna kanta ga mai gaggawa. Kallonta iri biyu ne, ko dai nesa sosai ko kusa sosai, kuma mai mota ba ya samun ko ɗaya. Sai ka yi tafiyar da titi zai ɓace, ƙarar mota ta ɗauke, sannan ka ga iska tana bin tuddai tana kwantar da ciyawa layi-layi kamar ruwan tafki, inuwar gajimare na gudu a kai. Sai kuma ka tsuguna. An ƙirga tsirrai fiye da 500 a gandun, da tsuntsaye kusan iri 150. A taki ɗaya za ka ga ganye iri goma. A kan falalen dutse akwai wani ƙadangare mai baƙin zobe biyu a wuya, wanda in ya tsorata yakan tashi ya ruga da ƙafafun baya. A jikin dutsen kansa, in ka duba da kyau, za ka ga burbushin ƙananan halittun ruwa, domin fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce wurin nan teku ne marar zurfi. Za ka ci karo da wasu ramuka masu faɗi marasa zurfi inda bauna ke birgima. Da asubahin Afrilu kuma, mai sa'a kan ji kukan wata tsuntsuwa mai kama da fakara, wadda mazanta ke taruwa suna kumbura jakar wuya mai ruwan lemo suna fitar da sauti kamar ana hura bakin kwalba.

Duk abin da ka gani ka bar shi a inda yake. Doka ta hana tsinkar fure, ɗaukar dutse ko tono saiwa, kuma mu da muka saba in mun ga tsiro mai kama da na magani sai mu ɗiba, sai mun riƙe hannunmu. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma an hana. Shara kuma, har ɓawon lemo, a jakarka za ta koma.

Tsakar rana haske yana daidaita komai, tuddai su zama kamar faranti. Awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta ne kwaruruka ke cika da inuwa, kowane tudu ya fito da siffarsa. A irin wannan lokacin muka kai tudun hangen nesa ni da yayana, ranar wata Asabar a farkon Oktoba. Garken bauna yana can ƙasa, baƙaƙe kamar duwatsu, ciyawa ta yi ja har iyakar gani. Muka yi la'asar a kan tsakuwa, iska na ɗaga gefen darduma sai da muka danne da takalma. Da muka idar na ce mu tashi, saura kilomita 5 kuma ba mu da fitila sai ta waya. Ya ce, "Ƙanena, ɗan dakata tukuna." Muka ƙara minti goma, sannan muka gangaro da sauri, muka iso mota ana kiran magariba a wayarsa.